Hantar Kaka da Atishawar Barsu

Na warke, alhamdu lillahi, muryata ta dawo, shi ya sa mutanen gidanmu suka fara kewar lokacin da nake kwance. Ƙanwata Rabi ta ce kwanakin da muryata ta dushe su ne kwanakin da ta fi jin daɗin duniya. Tun da a gida an gaji da saurarona, bari in rubuta, ko wani ya karanta ya tsira daga abin da ya shiga maƙogwarona ya nemi zama ba da izini ba.

Sunana Lawali, ina kolaj, ƙauyenmu yana kusa da Kanan-Bakashe. Ranar da babu lakwal, wato makaranta, ni ke kai awakinmu kiwo, ni da karenmu Barsu. Barsu ja ne, siriri, kunne ɗaya a tsaye ɗaya a kwance. Aikinsa tsare awaki da kaji daga dila da yanyawa. Ya daɗe yana atishawa, wani lokaci har da ɗan jini, kuma in yana barci yana minshari kamar tsohon injin niƙa. Mun saba, mun ɗauka halittarsa ce.

Ciwona da ido ya fara. A ƙarshen rani, lokacin da miyarmu ta koma kuka safe da yamma, sai na ga da magariba ta yi duniya na rufe mini. Na yi karo da turmi na ba shi haƙuri. Na taka kwanon tuwon Baba. Wata rana na bi jakin maƙwabcinmu har ƙofar gidansu ina ba shi labarin lakwal, ina zaton Baba ne ya fito daga masallaci. Kaka, uwar Babana, ta dube ni sau ɗaya ta ce dundumi ne.

"Ni hwa miji makaho ba ni so," ta ce. "In ba ka warke ba, in kai ƙara a raba auren nan."

Na ce mata ai makaho ne kaɗai zai iya zama da ita, ta jefe ni da maficinta.

Ba a daɗe ba wata akuyarmu ta karye a bakin rijiya, Baba ya yanka ta. Kafin kowa ya miƙa hannu Kaka ta ɗauke hantar. Baba kuwa ya yanke huhun ya jefa wa Barsu, kamar yadda yake yi duk ranar yanka. Maganin dundumi a wurin Kaka ƙa'ida gare shi, kuma ta ce haka ta gada daga tata kakar: hantar ba ta ganin wuta, don wuta na cinye maganin. Ana yayyanka ta ɗanya tare da 'yan kaluluwar da ke jikinta, a barbaɗa gishiri, a zuba a ƙoƙo, a ajiye wani wuri a tsakar gida bayan magariba. Mai dundumi ya rarrafa ya lalubo da kansa ya ci.

Haka na yi ta rarrafe ina shafa ƙasa, Rabi na nuna mini hanya da baki, duk inda ta ce in bi sai in tarar da murhu ko garke. Abin da Kaka ta manta shi ne Barsu ba shi da dundumi. Da hannuna ya kai ga ƙoƙon, hanci mai sanyi na fara taɓawa. Ya riga ya ɗauki yanka ɗaya. Na ture shi na cinye sauran, ina haɗiyewa ba tauna, don ɗanyar hanta kamar ka ci soso ne da aka jiƙa da jini. Daidai lokacin Baba ya shigo daga masallaci, ya ga kan kare da nawa a kan ƙoƙo ɗaya.

Kafin a kira isha'i maƙogwarona ya fara ƙaiƙayi, kamar an zuba mini ƙaiƙayin gero a ciki. Ƙaiƙayin ya hau cikin kunnuwa, inda yatsa ba ya kaiwa. Sai atishawa, wata na bin wata, har kajin da suka hau rumfa suka sauko. Da safe fuskata ta kumbura, idanuna na zubar da ruwa, hancina na yoyo, muryata kuwa ta tafi ba sallama.

Baba ya yanke hukunci a ranar. Ya ce karen nan ne: dama ga shi da atishawa, ya kuma sa baki a abincin mutum. Ba wanda ya ambaci hanta, don Kaka na zaune a wurin tana jan carbi. A gidanmu ana iya zargin kare, ana iya zargin iska, ana iya zargin ruwan rijiya, amma ba a zargin Kaka. Baba ya ce Ila maharbi ya tafi Tasawa, ranar da ya dawo zai zo da bindigarsa ya raba mu da Barsu. Na buɗe baki in roƙa, abin da ya fito kamar kukan ɗan tsako ne. Duk surutun da na yi a rayuwata, ranar da nake bukatar murya ranar ta ƙi ni. Aka ɗaure Barsu a bayan rumbu.

Satin farko na masu shawara ne. Duk wanda ya shigo gaisuwa da maganinsa a baki. An dafa mini citta da kanumfari har na fara ƙamshi kamar teburin mai shayi. An lulluɓe ni da bargo a kan tukunyar ganyen bedi, wato dogon yaro, na fito kamar dafaffen dankali. Wata tsohuwa ta ɗiga mini man shanu a hanci, wanda bai yi komai ba sai jawo ƙudaje. Wani maƙwabci ya ji tarina daga bayan danga ya ce tarin fuka ne, nan take aka ware mini moɗa da kwano, yara suka daina shigowa gidanmu. Wannan ya ba ni haushi fiye da ciwon.

Inna, mahaifiyata, ba ta ba da shawara ko ɗaya ba. Ni ne ɗan fari, ba ta kiran sunana, balle ta zauna kusa da ni a gaban mutane. Sai ta ajiye kunu a bakin ƙofa ta gaya wa bango, "A ce ma wancan ya sha tun da zahi." Bangon bai taɓa isar da saƙon ba, amma ina ji. Kunun nan shi kaɗai ke wuce maƙogwarona ba faɗa. Kaka ce mai zama a kaina, tana fifita, tana yi mini gorin cewa mijin kirki ba ya kwanciya don mura.

Da abin ya ƙi, Baba ya kai ni ɗan asibitin da ke kusa da mu. Majo, wato babban ma'aikacin wurin, ya haska bakina da cocila ya ce maƙogwaron ya kumbura sosai. Ya tambayi yadda abin ya fara, Baba ya ba shi labarin kare tun daga farko har ƙarshe, bai sa hanta a ciki ba. Ni kuwa ba baki. Majo ya ba ni ƙwayoyin mura, ya matse mini wani ɗan jan magani a baki saboda dundumin, ya ce in numfashi ya fara wuya kada mu tsaya, mu wuce babban asibiti.

A sati na biyu numfashina ya fara fito. In na ja iska sai ka ji kamar ana busa sarewa a cikin wuyana. Nan wasa ya fita daga fuskar kowa, har Rabi ta daina tsokana, abin da ya fi tsorata ni. Baba ya sayar da zabin Inna, ya ari moto, wato babur, ya zuba masa esans a tanki, muka kama hanya, ni a baya ina yi masa kiɗa da maƙogwaro.

Layin babban asibiti sai wanda ya gani. Na shiga ina yaro, na kusa fitowa da gemu. Aka ba ni ɗan gwangwani in tofa kaki, aka ɗauki hoton ƙirjina, wanda suke kira radiyo ko da yake ba ya magana. Muka kwana gidan wani ɗan'uwan Baba, muka dawo washegari aka ce ba tarin fuka ba ne. Na so a rubuta mini wannan da manyan baƙaƙe in liƙa a dangar maƙwabcinmu. Sai wani sabon layin, na ganin likita.

A wannan layin ne na yi atishawar da ta fi kowace. Tsohon da ke gabana ya yi salati ya dafe hularsa. Da na duba ƙyallen da na tare hancina, sai ga wani ɗan abu fari, kamar ƙwayar shinkafa da aka danne, kuma yana motsi. Baba ya ce in yar da ƙazantar nan. Na naɗe ƙyallen na sa a aljihu. Abin da ya kwana biyu a cikina ba zan rabu da shi ban san sunansa ba.

Likitar mace ce, ba ta da yawan shekaru, ga alamar gajiya a idonta. Da na buɗe mata ƙyallen gajiyar ta tafi. Ta ɗauke abin da ɗan ƙarfe, ta sa a ƙarƙashin madubin da ke girmama ƙananan abubuwa, ta kira abokan aikinta biyu suka leƙa. Da ta ga ina miƙa wuya ta ce in zo in gani. Jama'a, na ga abin mamaki. Jikinsa layi-layi ne, kowane layi da 'yan ƙayoyi, a kansa kuma ƙugiyoyi kamar na masunta. Da waɗannan yake riƙe da maƙogwarona.

Ta juyo ta tambaye ni, "Ka ci ɗanyar hanta, ko wadda ba ta gasu ba?"

Na dubi Baba. Baba ya dubi fankar da ke sama kamar bai taɓa ganin fanka ba. Na gyaɗa kai.

Ta ce sunan abin lingatul. Na yi ta maimaita shi a zuciya har gida, don suna ne da ya dace da ɗan ƙwallo. Ta ce ƙananan suna zama a hantar akuya ko tunkiya, in mutum ya ci ɗanya sai su hauro su maƙale a maƙogwaro da hanci. Ba sa daɗewa a jikin mutum, suna fita da kansu. Abin tsoron shi ne kumburin ya toshe numfashi. Ta rubuta maganin kumburi da na ƙaiƙayi, ta ce in riƙa kurkure wuya da ruwan gishiri mai ɗumi. Sannan ta ƙara da cewa manyan suna zama ne a hancin karnuka da yanyawa, in muna da kare mai atishawa mu kai shi wurin ma'aikatan elwaj, masu duba dabbobi. Allah ya saka mata. Da ta bar maganar a kan hanta, da na fi gode mata.

Don a kan hanya, duk bayanin nan abu ɗaya Baba ya riƙe. Ya juyo da kai cikin iska ya ce, "Ka dai ji da kunnenka. Hancin kare."

A sati na uku kumburin ya sauka, sarewar ta yi shiru, muryata ta fara dawowa kamar ta zakaran da ke koyon cara. Abin da na fara yi da ita shi ne ba Kaka labarin abin da likita ta ce, da ƙugiyoyin da komai, na ƙara musu tsawo kaɗan. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "To, ido ya buɗe ko bai buɗe ba?" Gaskiya ya buɗe, na daina gaida turmi. Ko hantar ce, ko jan maganin majo, har yau ba mu daidaita ba. Amma da yamma, da Baba ya zo gaishe ta, na ji ta ce masa tun da likita ta ce a kai karen a duba, a kai shi kafin a kira mai bindiga. Ba ta ce ta yi kuskure ba, ba ta kuma sake yanka wa kowa ɗanyar hanta ba. Baba ya ce, "To, Iya."

Ranar kasuwa muka ɗora Barsu a amalanke, ya zauna a kan buhu yana kallon mutane kamar wani mai gari. Ma'aikacin elwaj yana zuwa kasuwar duba nama. Ya ɗaga kan Barsu ya leƙa hancinsa, ya tambayi inda awakinmu ke kiwo. Na ce kan tudun da ke bayan gonarmu, inda ramukan yanyawa suke. Ya tambayi abin da karen ke ci. Baba ya ce ragowar tuwo, sai huhu da hanji ranar yanka.

"Dahwahhe ko ɗanye?"

"Wa ke dahwa ma kare nama?" in ji Baba.

Sai mutumin ya zana mana a ƙasa da tsinke. Yanyawa mai abin a hanci ta yi atishawa a kan ciyawa, ƙwayayen su zuba. Akuya ta ci ciyawar, su ƙyanƙyashe a cikinta, su zauna a hanta da huhu da kaluluwa. Kare ko yanyawa ya ci wannan ɗanye, su hau hancinsa su girma, shi ma ya fara zubar da ƙwai. Baba ya tambaya ko kashe karen zai yanke abin. Mutumin ya ce yana iya kashewa, ya kawo wani, ya jefa masa ɗanyen huhu, shekara ta zagayo ya ji atishawa. Yanyawa kuma suna nan kan tudunsu. Baba ya daɗe yana kallon zanen.

Na fara murna, sai mutumin ya juyo kaina. Ya ce kada in ɗauka Barsu ya fita wankakke. Majinarsa na ɗauke da ƙwai, suna iya shiga awaki, suna iya shiga mutum ta hannu ko ruwan sha. Ba shi ba kwamin ruwan dabbobi, ba shi ba lasar fuskar kowa, in na taɓa shi in wanke hannu da sabulu. Ya yi masa pikir, ya kuma faɗi gaskiya cewa allurar ba kullum take cin abin ba. A gaban mahauta da 'yan kallo Baba ya ce ya ba karen zuwa ruwan shuka. In ruwa ya sauka yana atishawa, Ila zai yi aikinsa.

Daga nan majinyaci ya zama mai jinya. Kullum ina goge wa Barsu hanci da tsumma da ruwan ɗumi, in ƙone tsumman, in wanke hannu har fatar ta fara haske. Na samo tsohon gwangwani ina dafa masa duk abin da mahauta suka ba ni. Yakan shinshina ya dube ni kamar na ci amanarsa, sannan ya ci. Rabi ta sa mini suna majon karnuka. Awaki kuma na canza musu wurin kiwo, can gefen fadama.

Amma tudun ya tsaya mini a rai. Wata safiya, gari na fara wayewa, na je na kwanta a bayan sabara. Na daɗe cinnaku na cina, sannan suka fito, su uku. Ashe ƙanana ne, ba su kai rabin Barsu ba, launin yashi, kunnuwa manya, bakin wutsiya baƙi. Suna wasa suna birgima kamar ba su ne suka kai ni layin asibiti ba. Na kasa kunne in ji atishawa. Ɗaya ta goga hanci da ƙafa, shi ke nan. A gida na ce ta yi atishawa har ƙura ta tashi, Rabi ta ce in rantse, na canza magana. Har yau ina tunani: ita yanyawa wa ke goge mata hanci? Kuma waye ya fara ba wani, ita ko akuya?

Gajimare ya fara haɗuwa a gabas, Barsu bai daina ba. Sai wata rana da hantsi ya yi ta goga hanci a ƙasa, ya jero atishawa kamar ni a daren farko, wani abu ya faɗo. Shi ne babban. Fari-fari, a baje kamar harshe, kai da faɗi, wutsiya siririya. Ni na ce ya kai tsawon hannuna, Rabi ta ce ƙarya ne, Baba ya gwada da kara ya ce ya ɗan fi yatsarsa ta tsakiya. Ya tsuguna ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce a jefa a wuta. Tun ranar jinin ya tsaya, minsharin ya ragu. Atishawar dai takan zo jefi-jefi.

Wanda ya karanta wannan, ga abin da nake roƙonsa. Hanta magani ce, amma a gasa ta har ciki, ko da Kaka ce ta miƙo. Huhun da za a ba kare a dafa shi, ko da za a yi maka dariya. Kare mai atishawa a kai shi a duba. In likita ya tambayi abin da ka ci, a faɗa masa duka, kada a zaɓo.

Ruwan shuka ya sauka ranar wata Laraba. Washegari muna fitar da iri sai ga sallamar Ila maharbi, da bindigarsa a kafaɗa, don labarin wa'adin ya kai masa tun daga kasuwa. Baba ya shimfiɗa masa tabarma a zaure, aka kawo fura. Ni na zagaya bayan rumbu na tsuguna kusa da Barsu, ina shafa wuyansa, ina roƙonsa da duk harshen da na iya ya riƙe hancinsa. Ina jin muryoyinsu ta danga. Ila ya tambaya ko karen ya daina. Baba ya ce da sauƙi sosai. Ila ya ce sauƙi daban, dainawa daban, shi dai an ce masa in ruwa ya sauka ya zo.

Daidai nan Barsu ya saki atishawa, mai ƙarfi, wadda ko kurma zai ji. Daga zaure na ji an ajiye ludayi a ƙwarya.

"Lawali ne," in ji Baba. "Bai gama warkewa ba."

Na dubi Barsu, Barsu ya dube ni. Ban taɓa jin Baba ya faɗi abin da ba haka yake ba, kuma ban so maharbi ya zama na farkon da zai kama shi da ƙarya ba. Sai na cika ƙirji da iska na yi wata atishawar, wadda ta fi ta karen, na ƙara da tari biyu.

Ila ya ce Allah ya ƙara sauƙi. Ya shanye furarsa, ya saɓa bindigarsa, ya ce bari ya je ya yi shuka tun ƙasa na da laima.